Babi na Bakwai: Turbar da Ta Ratsa Gawo

Wanda ya hau tudun yashi a kudancin Damagaram da sanyin safiyar watan Janairu, ya dubi gabas, zai rantse daji ne a gabansa. Itatuwa kore shar, kan wannan ya kusa taɓa kan wancan, har inda hazo ya yanke ido. Sai ya gangaro ya shiga cikinsu sannan zai ga gonaki ne. Ƙarƙashin kowace itaciya ga tushiyar karan hatsi a jere, ga kunyoyin bara ba su gama shafewa ba, ga layin gamba da aka bari ya raba gonar wane da ta wane. Daga Sasumburum a yamma, a bi ta Magarya da Bande, a wuce Dungas har Malawa, mutum zai yi ta tafiya cikin inuwa, kuma da wuya ya jingina da itaciyar da ba ta da mai ita.

A wasu ƙasashe tafiya irin wannan sana'a ce guda. A jihar Arizona ta Amurka, kusa da garin Sedona, akwai wata turba mai suna West Fork da ke bin wani kwazazzabo tsakanin jajayen duwatsu masu tsayi. Mutane kan zo daga nesa, su biya kuɗin shiga, su taka kamar kilomita 5 cikin inuwa, suna tsallake rafi sau 13, su kai inda turbar ta ƙare su juyo. Wurin na hukumar gandun daji ne, ba a noma, ba a sara. Abin da suke saya da kuɗinsu shi ne shiru da inuwa a ƙasar da rana ke da ƙarfi. Mu ma muna da su duka biyu a Magarya da Dungas, kyauta, sai dai namu shirun na wucin gadi ne. Yana zuwa bayan an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, yana tafiya ranar da aka ji tsawar farko.

Jan launin ƙasar nan ma ba a tsaye yake ba kamar nasu, a kwance yake. Yawancin abin da ƙafa ke takawa jigawa ce, wato tsofaffin tuddan rairayi da iskar arewa maso gabas ta tara shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take yau. Da ruwa ya dawo ciyawa ta kama su suka zauna, sinadarin ƙarfen da ke jikin ƙwayar yashin ya yi tsatsa, shi ya sa idan aka tona ƙasa kamu biyu sai a ga ta yi ja. Inda zaizaya ta kwashe yashin, marmara ce ke fitowa, mai ramuka, ja mai duhu, ita ce ake fasawa a zuba wa hanyoyin mota. Mai son dutse na sosai sai ya nufi arewa. Akwai tsaunuka a wajen Waca, akwai manyan duwatsun nan mulmulallu da suka zauna tsakiyar gidajen Birnin Damagaram, can kuma arewa da Gure ga tsaunin Kutus da gangarensa. Amma fa yadda dutse ke ƙaruwa haka gawo ke raguwa. Ba a samun su biyun a cike wuri guda, kuma ni dai in an ce in zaɓa, inuwa zan ɗauka.

Hanyoyin ƙafa iri uku ne a nan, kuma kowace da halinta. Akwai turba, siririya, faɗin mutum guda, wadda ke fita daga bayan gari ta nufi rijiya ko gona ko ƙauyen gaba. Akwai hanyar amalanke, layi biyu da tudun ciyawa a tsakani, yashinta ya tumɓuke har ƙafa na nutsewa. Sai burtali, hanyar dabbobi, mai faɗi, da aka keɓe don garke ya wuce tsakanin gonaki. Mai neman shiru turba zai bi. Ita ce ta fi sauƙin takawa ma, domin ƙafafun mutane sun danne ta, kuma ba ta miƙewa sak: tana kauce wa kowace itaciya, tana zagaye kowane gidan tururuwa, tana bin iyakar gona sau da ƙafa don kada ta shiga hakkin wani.

Ba allo, ba alama. Tambaya ita ce taswira. Duk wanda aka tarar a hanya sai a yi masa sallama, in dattijo ne a rage tsawo a ce, "Baba, barka da hantsi, ina gajiya?" In tsohuwa ce da ƙunshin itace a ka, "Inna, sannu da aiki." Sai an gama gaisuwa tukuna a tambayi hanya. Amsar kusan kullum ɗaya ce, "Ai nan ne kusa, da ka wuce kukar can ka iso." Baƙo ya riƙe wannan kusa ɗin da hannu biyu, don mai faɗin ta tun yana yaro yake taka wurin. Abin da ya kamata a riƙe da gaske shi ne itaciyar da ya ambata. Mutanen karkara da itatuwa suke kwatance, kuma ba sa kuskure: kuka mai rassa biyu, tsamiyar makabarta, gawon da tsawa ta tsaga.

A fita da asuba, bayan salla. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu sanyin safiya yana sa a nemi mayafi, kafin azahar kuma an jiƙe da gumi. Takalmi ya zama rufaffe, saboda ƙarangiya ba ta san baƙo ba, ƙayar gawo da ta aduwa kuma suna huda silifa. Ruwa a ɗauka da yawa ko da yake rijiyoyin yankin ba su da zurfi. Kada a sa hannu cikin tarin kara ko ƙarƙashin kututture, nan kububuwa da kunama suke fakewa. Shi ke nan shirin, ba wani abu ba ne mai yawa.

Abin da ya sa tafiyar rani ke yiwuwa a nan shi ne halin gawo, wanda ya saɓa wa na sauran itatuwa. Da damina ta kankama, kowace itaciya na toho, shi sai ya zubar da ganyensa ya tsaya fari fat kamar ya mutu. Da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara bushewa, sai ya fitar da sabon ganye, ya yi fure, ya riƙe korensa har bazara. Yana iya yin haka ne domin saiwarsa ta tsakiya tana nutsawa ƙasa sosai, wani lokaci fiye da mita 20, har ta kai ga ruwan da ba ya ƙafewa. Ga manomi, wannan hali ya fi kowace kyauta. Lokacin da hatsi ke bukatar rana, gawo ba ya tare masa ita. Ganyen da ya zuba a farkon damina ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Saiwoyinsa, irin na dangin wake, suna ƙara wa ƙasa sinadarin da takin zamani ke bayarwa. Da rani kuma shanu da awaki su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yan, su bar taki a gindinsa. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, ya ƙara da wani dalili: ko ƙaiƙasassun rassan nan na damina suna rage zafin ƙasa a makonnin farko, lokacin da yashi mai ƙuna ke kashe ƙaramin tsiro. Manomin Bande bai jira wannan bincike ba. Ya daɗe da sanin cewa zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili kauri, kuma idan zai sayar da gona, yawan gawon da ke cikinta yana cikin ciniki.

Masana ilimin tsirrai sun daɗe suna lissafa shi cikin dangin bagaruwa da farar ƙaya, daga baya suka ware masa gida nasa shi kaɗai, suka laƙaba masa sunan Faidherbe, wani gwamnan Faransa a Senegal a ƙarni na 19. Mutumin bai taɓa renon ko guda ba, amma haka duniya take rabon suna.

Daga Janairu zuwa Maris 'ya'yan ke nuna, su yi ja-ja-ja, a murɗe, su riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan faɗuwar tana cikin sautukan turba. Tun da duku-duku yara da mata ke fitowa da kwarya da buhu su tsince abin da iskar dare ta kakkaɓo, a kai gida don tumakin turke, ko a kai kasuwa a auna. Akuyar da ta kuɓuce ta san sautin ita ma, tana jin ƙwas sai ta ruga. Ta cikin hanjin dabbar nan ne irin ke samun hanyar tsira: ƙwayar gawo tana da tauri, sai ta bi ta cikin ciki ta yi laushi, ta fito tare da takin da zai rene ta. Don haka duk gonar da aka kai wa takin gida da amalanke, an kai mata gawo ba tare da an yi niyya ba. Abin da ya rage shi ne ko mai gonar zai bar shi.

A kan wannan "bari" ɗin tarihin dajin ya rataya. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har wanda ya sare shi yana iya rasa ransa. Ko yaya aka zartar da ita, dokar ta nuna masu mulkin wancan zamani sun san darajar itaciyar. Faransawa da suka zo sun kare ta su ma, amma ta hanyar da ta raba ta da manomi. Dokar gandun daji ta 1935, wadda ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, ta mai da itatuwa masu daraja abin hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta. Mutum ya reni gawo a gonarsa shekara ashirin, ranar da ya sare reshe guda don gyaran rumbu sai ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Hikimar talaka a lokacin ita ce ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na gwamnati.

Ga kuma gyaɗa. Magarya na cikin manyan wuraren gyaɗa na Nijar, musamman bayan kafa kamfanin SONARA a 1962. Malaman gona na lokacin gona mai tsabta suke koyarwa, wadda garmar shanu za ta ratsa ba tare da ta ci karo da kututture ba. Aka yi ta sassabe ana ƙonewa. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya sake dawowa a 1984, shekarar yunwar da mutanen Nijar suka sa wa suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ga wanda ke zaune a Magarya ko Dungas, inda kasuwa da dangi da ci-rani duk suke kudu, rufe iyaka a shekarar fari ba ƙaramin abu ba ne. Dattawan da suka ga lokacin suna cewa daga bakin wani ƙauye kana hango rumbunan na gaba, ba abin da ya tare. Iska ta riƙa binne shuka, a shuka sau biyu, sau uku, kafin ta kama.

Labarin da duniya ta fi sani game da farfaɗowar itatuwan Nijar na Maraɗi ne: Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da mishan ɗin SIM, wanda a 1983 ya lura cewa ƙananan kurmin da ke cikin gonaki kututturan itatuwa ne masu rai, in aka rage rassan aka bar ɗaya ko biyu za su miƙe. An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, kuma ya cancanta. Amma abin da ya faru a kudancin Damagaram ya bambanta, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Nan babu wani babban shiri da ya bi ƙauye-ƙauye yana rabon abinci don a bar itace. Mutane sun yi yawa, saura ta ƙare, ba sauran gonar da za a bari ta huta, takin zamani ya fi ƙarfin aljihu. Hannun ma'aikatan gandun daji kuma ya yi sanyi a shekarun da gwamnati ta shiga matsin kuɗi da rikicin siyasa, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990. Manomi ya duba ya ga itaciyar gonarsa ta fara zama tasa a aikace, sai ya koma ga abin da kakansa ya sani. Dokoki daga baya suka biyo: kundin dokokin karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, sai dokar 2020 da ta yi magana kai tsaye kan hakkin wanda ya reni itace a gonarsa.

A 2006 mai bincike Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, cikinsu har da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, suka zagaya gundumomi uku da ake kira "M uku", wato Magarya, Matamai da Mirya. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 aka ba ta gundumarta. Sun ƙiyasta cewa farfaɗowar itatuwan ta shafi hekta kusan miliyan 1, yawanci gawo, daga itace 20 har zuwa 120 a hekta guda. Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, aka kai ga ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a faɗin kudancin Nijar. A tuna kuma wannan na cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar: ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum dubu 570 a gundumar Magarya, fiye da dubu 350 a ta Dungas. An saba jin cewa yawan jama'a ne ke cinye daji. A nan inda mutane suka fi yawa nan itatuwa suka fi kauri, mai tafiya zai gani da idonsa: yana kusantar gari inuwa na ƙaruwa, yana nisa da shi tana sirancewa.

Da zarar mutum ya san wannan, turbar sai ta fara yi masa bayani. Ga wasu 'yan tsirarun gawo manya-manya, waɗanda mutum biyu ba za su rungume ba, su ne suka tsallake zamanin gyaɗa da fari. Ga tsara mai yawa, masu kaurin jikin mutum, kusan kansu ɗaya, waɗannan 'ya'yan bayan El-Buhari ne. Tsakanin manyan da su akwai giɓi, tsarar da aka tumɓuke. Sannan ga ƙanana, tsawon sanda, an sassabe musu rassan ƙasa an bar kai, wani an ɗaura masa tsumma ja don mai huɗa ya gani, wani an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wannan aikin shi ake kira sassaben zamani. Ba ya cin kuɗi, gatari ne da lauje da ido. Gonar da ka ga ƙananan nan a tsaye, mai ita yana nan kuma yana da niyyar daɗewa. Wadda ka ga ba ko ɗaya, sau da yawa aro ce ko jingina, domin ba mai renon itace a ƙasar da za a karɓe baɗi.

Ba gawo kaɗai ba ne. Kalgo da sabara suna cika tsakani, su ne itacen girkin mata, su ne ke tare yashi idan iska ta taso. Akwai aduwa, akwai magarya da yara ke jifa, akwai kanya a wuri mai damshi, akwai ƙirya mai taurin da maƙera ke so don gawayi, masassaƙa don turmi. Ta wajen Mirya kuwa kuka ce sarauniya, ana renon ta a gona kamar yadda ake renon gawo a nan, saboda ganyenta kuɗi ne.

Shirun kansa ba kurum ba ne. Kurciya ba ta fasa kira daga safe har yamma. Cilakowa na tashi daga wannan itace zuwa wancan, tana faɗuwa tana ɗagowa. Iskar hunturu na kaɗa busasshen karan da ba a kwashe ba. Kafin ka ga ƙauye za ka ji shi: dakan mata ne ke fara isowa, sai kukan jaki, sai ƙarar guga a bakin rijiya. Abu guda ke yanka wannan duka, babur. Ɗan kabu-kabu ya gano cewa turba ta fi hanyar amalanke tauri, don haka kana cikin tafiya sai ka ji shi a bayanka, ka koma cikin ƙarangiya ka ba shi hanya. Ba na jin haushinsa sosai. Watakila mai naƙuda zai ɗauko.

Wuri mafi daɗi a tafiyar shi ne inda jigawa ta karye ta gangara kwari. Ba a shirya maka ba, kana cikin jan yashi sai ka ga ƙasa ta yi fari-fari, ta koma toka-toka, iska ta yi sanyi, warin laka ya bugi hanci. Wannan yankin Korama ne, tsohon kogin da yanzu ya zama jerin fadamu da tafkuna, ruwansa na gudu a ƙarƙashin yashi, a wasu wurare in ka tona da hannu ma za ka same shi. Gawo ya tsaya a bakin tudu, goriba da giginya da dabino su karɓe. A nan ne kalmar daji ta kusa zama gaskiya, domin a kwarurukan Bande da Waca da Guci akwai inda rana ba ta kai ƙasa sai a tsinke: dabino a sama, mangwaro da gwaba da lemo a tsakiya, rake da rogo da dankali da albasa a ƙasa. Dabinon wannan yanki yana da abin mamaki, yakan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, abin da na hamada ba ya yi. Tafkin Lasuri, a yankin Damagaram, an sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, kuma da sanyi ana ganin tsuntsayen ruwa da suka ƙetaro hamada daga Turai suna kiwo a gefensa tare da belbela.

A kwari ba a wucewa da sauri, kuma ba a wucewa a ɓoye. Kowane taku lambun wani ne. Ka yi sallama, mai lambu zai ɗago daga bakin rijiyarsa ya ce, "Maraba, Malam, daga ina haka da ƙafa?" Da wuya ya bar ka ka tafi bai karya maka rake ba. Tambayarsa ta gaske ce, domin tafiya ba dalili baƙon abu ce a nan. Kowa da ka gani a turba yana da inda za shi: kasuwa, gaisuwar mutuwa, ɗaurin aure, neman ɓatacciyar akuya. In ka ce kallon itatuwa ka fito, za a yi murmushi a ɗauka ma'aikacin wata ƙungiya ne kai, ko kuma mai neman magani. Gara ka ce za ka gari kaza, ka ambaci sunansa, hankalin kowa ya kwanta.

Kwarin ma yana da ciwonsa. Inda aka sare itatuwan bakin tudu, yashi na gangarowa yana cin lambu kaɗan-kaɗan. Wasu wuraren kanwa ta taso ta yi fari a ƙasa, ba abin da ke fita sai kaba. Ita kabar, wato ƙaramar goriba, mata na yankan ta don tabarma da igiya da faifai, amma in ana yanka kullum ba ta samun damar miƙewa ta zama itace. Za ka ga fili guda cike da kaba, manyan goriba kuwa tsofaffi ne 'yan kaɗan.

Idan aka hau tudu aka koma cikin gawo, akwai wani abu da ido zai fara kamawa, musamman kusa da burtali: itatuwan da aka yi wa aski. An hau an sassare rassan duka, an bar gangar jiki da 'yan dungulmi. Wani lokaci mai gonar ne ya yi don tumakinsa, wani lokaci makiyayi ne da dare, a ƙarshen rani, sa'ad da ba sauran abin da garke zai ci. Gawon da aka yi wa haka yakan yi shekaru bai ba da 'ya'yan kirki ba, in aka maimaita kuma ya mutu. Saurin yanke hukunci a nan kuskure ne. Dajin da makiyayi ke kiwo a da shi ne ya zama gonakin nan. Burtalin da dokar kiwo ta 2010 ta ce a kare shi, gonaki sun ci gefensa, abin da ya rage kuma garmani ya mamaye, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba. Hukuma kan sa ranar sakin gonaki bayan girbi don dabbobi su shiga, amma kara da harawa yanzu kaya ne na sayarwa, kafin ranar ta zo an kwashe. Kuma kada a manta cikin saniyar Bafulatanin nan ne ya shuka rabin gawon da ake faɗa a kansa. Inda aka zauna lafiya, za ka tarar an yi tsohuwar yarjejeniya: garke ya kwana a gona ya bar taki, mai gona ya ba da hatsi da izinin rassa kaɗan.

Akwai kuma abin da bai dawo ba, kuma masu yabon farfaɗowar nan ba su cika faɗin sa ba. Dajin gona dajin zaɓe ne, abin da manomi ke so shi ke rayuwa. Ɗorawa da marke da gamji sun yi ƙaranci ƙwarai. Namun dajin da tsofaffin maharba ke ba da labari, barewa da gada da kura, babu su. Abin da mai tafiya zai gani shi ne kurege, zomo, bushiya, damo, wataƙila sawun yanyawa a bakin rami, sai fakara da za ta tashi fur daga gindin sabara ta tsinka masa zuciya. Gonakin kuma suna ƙanƙancewa da kowane rabon gado, kuma akwai iyakar itacen da rabin hekta za ta ɗauka.

Wanda ya ci gaba da bin turba kudu daga Dungas, ta wajen Dogo-Dogo, zai kai iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908. Ba kogi, ba dutse, gona ce ke bin gona, dangi ɗaya a kowane gefe. Masu nazarin hotunan sama sun nuna cewa a wurare da dama na wannan iyaka, ɓangaren Nijar ya fi na Najeriya yawan itatuwa a gona, alhali ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya, har ma kudu ta ɗan fi samu. Wannan ita ce hujjar da suke kafawa da ita idan aka ce musu ai damina ce kawai ta gyaru bayan shekarun fari. A wannan yanki a riƙe katin shaida a aljihu, in dare zai yi kuma a nemi gidan mai gari tun da sauran rana, a gabatar da kai, shi zai ce ga inda za a kwana. Sannan a lura da ranaku. Kasuwar Maigatari, can ƙetaren iyaka a jihar Jigawa, ranar Alhamis take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki. Tun daga Talata burtali da turba duk sun cika da raƙuma da shanu da tumaki da masu kora su, ƙura ta tashi har ta rufe kan gawo. Mai son hanya ta zama tasa shi kaɗai ya fita ran Asabar.